Tsohuwar Mota Ba Birki Ba Fitila, Wa Ke Shan Wuyar?

Ya ku 'yan'uwa talakawa, ran Asabar da ta wuce an aike ni da takarda Nassarawa, unguwar da Turawa suka keɓe wa kansu zamanin mulkinsu, yau kuwa manyan ƙasa ke cikinta. A bakin Titin Sakkwato na iske masu mota uku a gindin darbejiya, kukansu ɗaya. Wannan ya ce fitilarsa ta dushe, in dare ya yi ba ya ganin gabansa. Wancan ya ce sai ya taka birki sau uku kana ta tsaya. Na ukun ya ce takalmin birkin da ya saya bai yi wata biyu ba ya cinye.

Kukansu gaskiya ne, amma ba su ne abin tausayi na fari ba. Motar da ta tsufa a Nassarawa ba a nan take ƙarewa ba. Mai gida ya sayar wa ƙaramin ma'aikaci, shi kuma ya sayar wa ɗan haya, sa'an nan ta koma ɗaukar ku da kayan gwarinku daga Yankaba tun da asuba. Watau ranar da birkin zai ƙi, talaka ne a ciki, talaka ne a gabanta.

Ku san dalilin abin. Man birki yana shan danshi, in ya daɗe sai ya tafasa da zafi, ƙafa ta nutse ba kamu. Shi ya sa masu ƙera mota da yawa suka ce a sake shi duk shekara 2. Wanda ya zuba ruwan sabulu maimakonsa, kabari yake haƙa. Murfin fitila kuwa na roba, rana ke mai da shi rawaya, gogewa yake bukata, ba ƙara farin ƙwai mai kashe idon na gaba ba. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 kowace daƙiƙa. To, ina mai tura baro zai tsere?

Tun da aka janye tallafin mai aka kuma saki Naira a 2023, kayan gyara suka yi tsada, mutane suka koma neman mai araha, araha kuwa ba ta ado. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra a 1988, an kafa KAROTA a 2012, ga kuma SON mai duba ingancin kaya. Tara a kan titi ba ta gyara birki. Abin da muke nema, a tare jabun kaya tun a bakin shigowa, a taimaki 'yan kasuwar Ƙofar Ruwa masu gaskiya su rabu da shi, a kuma duba motar babba yadda ake duba ta ƙarami.

Kai kuma mai mota, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ku kuma fasinja, in kun ga direba yana famar birki tun daga tasha, ku sauka. Kuɗin motarku kuka biya, ba ranku ba.