Firgicin Arlit: wane magani, kuma a hannun wa?

Da asubahin 23 ga Mayun 2013 mota maƙare da nakiya ta tarwatse a masana'antar Somaïr da ke Arlit. An gyara injuna, aiki ya ci gaba. To, ma'aikacin da har yau ƙarar rufe ƙofa ke sa shi zabura fa? Haka ƴan ci-ranin da Aljeriya ke zubarwa a hamada, su taka kilomita 15 zuwa Assamaka kafin a kawo su Arlit: ƙafa ta warke, barci ya ƙi dawowa. Wannan ciwo ne, likitoci na kiran sa firgicin bayan bala'i.

A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da hanyoyi biyu na warkar da shi. A ta farko majinyaci yana fuskantar abin da ya same shi da baki, sannu a hankali, ana warware masa tunanin da ya ɗaure shi, irin na ɗora wa kai laifi. Ta biyu, EMDR, wadda Francine Shapiro ta soma a Amurka a 1987, mutum ne ke tuna lamarin yana bin yatsan likita da ido. Dukansu suna aiki, tazararsu ba ta taka kara ta karya ba. Sai dai kowacce na son ƙwararre, ƙwararrunmu kuwa ƴan ƙalilan ne, galibinsu a Yamai, fiye da kilomita 1,000 daga Arlit.

Shi ya sa na fi karkata ga wata ta uku, wadda masana na Jami'ar Konstanz a Jamus suka tsara domin waɗanda bala'i ya faɗa wa ba sau ɗaya ba. A shimfiɗa igiya a matsayin rayuwar mutum, fure ga kowane farin ciki, dutse ga kowace masifa, sannan ya ba da labarinsa bi-da-bi, ana rubutawa. A sansanin Nakivale na Uganda ƴan gudun hijira ne aka horar makonni 6 suka yi wa ƴan uwansu, sakamakon da ya fito a 2008 kuma ya nuna an samu sauƙi fiye da waɗanda aka bari haka.

Ƙwayar diyazefam ta ƴan tebur kuwa, sa barci take yi, firgicin na nan daram, ga sabo. Addu'ar malam ba ta hana zama da mai jinya.

Ma'aikatar Lafiya ta horar da ungozomomi da malaman asibiti na Arlit da Akokan wannan aiki, cikin Hausa da Buzanci, ta kuma sa ƙwararre daga Yamai ya riƙa bin sawunsu.