Filin Mata: Ba Kowane Ƙari A Hanta Ne Daji Ba

'Yan'uwana mata na Kambarawa da sauran unguwannin Katsina. Yau zancenmu a kan ƙarin hanta ne, don da yawanmu da an ce likita ya ga ƙari sai a hau kuka tun ba a san irinsa ba.

Ku sani ƙari iri biyu ne. Akwai wanda ba ya yaɗuwa. Mafi yawan irin wannan dunƙulen jijiyoyin jini ne, ya fi samun mata, mace kuwa ta kan tsufa da shi ba ta ma sani ba. Akwai kuma na daji, mai girma yana cin hanta. Alamunsa su ne ciwo ƙarƙashin haƙarƙarin dama, da rama, da kumburin ciki, da rawayar ido irin ta shawara. Amma ya kan yi nisa kafin ya nuna kansa.

To, laluben hannu ba ya rarrabe su, ƙaho da tsaga kuma ba su warkar da ko ɗaya. Sai a tafi Babban Asibiti ko Asibitin Koyarwa na Tarayya, a ɗauki hoton ciki, a auna jini. In da shakka, a kan ƙara hoto, ko a tsamo ɗan naman da allura a duba. Dajin da aka kama yana ƙarami ana iya yanke shi, saboda haka kada a zauna ana jiƙe-jiƙe.

Manyan dalilai biyu da ke kawo dajin hanta suna hannunmu. Na farko cutar hanta mai lamba B, wadda jariri kan ɗauka wurin uwa, ko ta askar da aka yi wa wani aiki da ita. Tun 2004 rigakafinta ya shiga alluran jarirai a Nijeriya. A kai jariri cikin awa 24 da haihuwa, kada a jira suna.

Na biyu dafin gyaɗa da masara masu funfuna. An gano shi bayan talo-talo wajen 100,000 sun mutu a Ingila a 1960, don cin garin gyaɗa mai funfuna. Ki shanya gyaɗarki ta bushe sarai, ki tsince ruɓaɓɓu ki zubar, kada ki yi ƙuli-ƙuli da su, gama suya ba ta raba su da dafin.

Ku 'yan makaranta, ku karanta wa iyayenku wannan. Allah ya ba mu lafiya, amin.