Filin Gyaran Kayan Aiki: In Bayan Mota Ya Zauna

Kaka ta yi. Motoci sun fara kai da kawo da buhunan hatsi da wake tsakanin ƙauyukan El Alhasan Mairairai da kasuwannin Mayahi da Tasawa. Shi ya sa filin wannan wata zai yi magana bisa wata cuta ta tsofaffin motoci. Mutum ya ajiye motarsa da dare lafiya lau. Da safe ya tarar bayanta ya zauna ƙasa kamar raƙumin da ya gurfana, alhali ko tiya ɗaya ta kaya babu a ciki.

A da, motocin karkara a-kori-kura ne, irin su Peugeot 404 da 504. Ƙarafa masu faɗi, jere bisa juna, su ke ɗauke da nauyinsu. In ɗaya ya karye, ido na ganinsa, mai walda kuma ya san maganinsa. Daga baya ƴan ci-rani da ƴan kasuwa suka fara sayo motocin gwanjo da ake saukewa a tashar jirgin ruwa ta Kwatano. Wasu daga ciki ba bisa ƙarfe bayansu ya tsaya ba, bisa iska ne. Akwai irin wannan a Range Rover tun 1992, da wasu Toyota Prado na 2002 zuwa 2009, da wasu Mercedes masu dogon baya. Da yawa sun sayi irin wannan mota da kuɗin shanu ko na amfanin gona, ba su san haka take ba sai ranar da ta zauna.

Ganewa ba wuya. A leƙa bayan tayar baya. In an ga ƙarfe murɗaɗɗe, motar ƙarfe ce. In an ga baƙar roba mai kama da ƙaramar ganga, da siririn tiyo ya shiga cikinta, to wannan ita ce jakar iska. Kowane gefe yana da tasa. Akwai ƙaramin famfo mai aiki da batir, shi ke hura su. Akwai kuma ɗan hannun ƙarfe ko na roba kusa da taya, shi ke auna tsawon mota daga ƙasa, ya sa famfo ya ƙara iska in an ɗora kaya.

Kafin a kashe ko dala, a yi awo. Da marece a tsayar da motar a wuri mai tauri wanda ba shi da gangare, babu kaya a ciki. A samu kara miƙaƙƙe, a auna daga ƙasa zuwa bakin ƙarfen da ke saman taya, a tsaga shaida da wuƙa. A yi haka dama da hagu. Da safe, kafin a tayar da inji, a sake aunawa.

In gefe ɗaya kaɗai ya sauka, jakar wannan gefen ko tiyonta ke sacewa. In duka biyu suka sauka, ko jakunan biyu sun tsufa tare, ko yoyon yana wurin da tiyo suka haɗu. Sai dai wasu motoci suna daidaita kansu ko a kashe suke: gefe ɗaya ya sauka, su sauke ɗayan. Don haka makanikai sukan cire fiyus ɗin wannan sashe su bar motar ta kwana.

Bayan awo sai a tayar da inji, a rufe ƙofofi, a kasa kunne. In aka ji famfo yana gurnani kuma bayan mota ya tashi, famfo yana da rai, yoyo ne kawai. In yana ta gurnani mota ba ta tashi ba, ko ya gaji ko hujin babba ne. In shiru aka ji, a fara duba fiyus tukuna, don shi ne mafi araha. In kuwa motar ba ta sauka da dare ba, amma ta karkace ko ta ɗaga fiye da kima, a duba ɗan hannun nan mai awo. Kututture ko saiwa a hanyar daji kan lanƙwasa shi ko ta ɓalle shi.

Neman huji aikin da duk mai facin keke ya sani ne. A dama garin sabulu da ruwa ya yi kumfa. A bar jaka ta cika da iska, a shafa mata ruwan, da tiyo, da duk mahaɗa. Inda kumfa ke tasowa yana girma, nan ne. Yawanci wurin da robar ke naɗewa ne, daga ƙasa. Nan rairai ke taruwa yana gogar ta dare da rana, zafi kuma ya busar da ita ta tsattsage kamar tafin ƙafa lokacin hunturu. Irin wannan roba sau da yawa ba ta wuce shekara 10, motar gwanjo kuwa takan iso da shekarunta.

A nan sai a yi hattara ƙwarai. Motar da ke tsaye bisa iska tana iya faɗowa nan take in tiyo ya kuɓuce. Kada kowa ya sa kai ko hannu tsakanin taya da jikin mota, kada kuma a tura yaro ƙarƙashi don wai shi ne siriri. Jak kaɗai bai isa ba, balle a ƙasar Mairairai inda rairai ke haɗiye gindinsa a hankali. A shimfiɗa katako mai kauri ƙarƙashin jak. A tokare jikin motar da guntayen itace masu ƙwari, ban da bulo ko tubalin ƙasa, don suna fashewa. A sa waigi a tayoyin gaba.

Abin da ya fi cin kuɗin mutane shi ne jinkiri. Direba ya ga cewa da ya tayar da inji motar na tashi, sai ya ce ai ba komai, bari a gama jigilar kaka. Amma an yi famfon nan ne don ya yi aiki kaɗan ya huta. In akwai huji, ba ya hutawa, sai ya yi zafi ya ƙone. Famfo kuwa ya kan fi jaka tsada, kuma ba kayan kasuwar ƙauye ba ne. Sai an aika Maradi ko Kano, wani lokaci a jira kwanaki. Ga kuma hatsarin hanya. In baya ya zauna, gaba ya kan yi sauƙi, sitiyari ba ya kamawa sosai. Fitilu su haska sama su kashe idon mai amalanke da ke tahowa. Cikin mota da salansa su riƙa jan rairai har ta kafe. In mai naƙuda aka ɗauko za a kai asibitin Mayahi, wannan kafewa ba ƙaramin abu ba ce.

Jakar iska ba ta karɓar faci kamar ta cikin taya, don kullum tana naɗewa tana buɗewa. Canja ta ake yi, kuma gara a canja duka biyu, tun da sa'o'in juna ne. Sai an saki iska kafin a kwance ta. In an sa sabuwa, kada a sauke nauyin mota bisa jakar da ba ta da iska, za ta naɗe ba daidai ba ta lalace tun ranar farko. Tiyo kam, in shi ne ya huje, ana yanke wurin a haɗa da mahaɗi, aikin ba shi da yawa.

Akwai wata hanya. Ana cire jakunan gaba ɗaya a sa murɗaɗɗen ƙarfe a madadinsu. Motar za ta rage laushi, kuma fitilar gargaɗi a gaban direba tana iya zama a kunne. Amma ga motar da aikinta ƙauye ne, nesa da kwaltar da ta ratsa Tasawa, wannan ya fi kwanciyar hankali. Sharaɗin shi ne a sa ƙarfen da aka yi don irin wannan mota, ba duk wanda aka tsinta a garaji ba, kuma makaniken da ya taɓa yin aikin shi zai yi.

Ko iska ko ƙarfe, kowace mota tana da iyakar nauyinta, an rubuta shi a ɗan allo jikin ƙofa ko kusa da inji. Buhun hatsi mai tiya 40 kilo 100 ne, ya fi nauyin babban mutum ɗaya. Wanda ya koyi karatu ya duba allon, ya ƙirga buhunan da mutanen kafin a ɗaura igiya.