Alhaki Kwikwiyo Ne

A cikin 2010 aka fito da wani wasan sinima mai suna The American, wanda Anton Corbijn, mutumin Holan, ya shirya, George Clooney kuwa shi ne babban ɗan wasa. Da yawa cikin 'yan kallo a Amurka sun fito suna gunaguni, wai sun biya kuɗinsu don su ga harbe-harbe da guje-guje, sai aka ba su mutum zaune shiru yana gugar ƙarfe. Mu dai a ganinmu, wannan nawa da su ke kuka da ita, ita ce amfanin wasan.

Ga yadda labarin ya ke. Wani mutum ne wai shi Jack, sana'arsa kisan kai da harhaɗa bindigogi, ana biyansa. A ƙasar Suwidin abokan gaba suka yi masa kwanto, ya kashe su, ya kuma harbe matar da su ke tare don kada ta zama shaida. Ya gudu Italiya, ya ɓuya a Castel del Monte, wani ɗan gari bisa duwatsun Abruzzo. Can maigidansa ya sa shi ya haɗa wa wata mata bindiga, shi kuwa ya ƙudura daga wannan ya bar sana'ar.

To, cikin minti 105 na wasan, galibi tsoro mu ke kallo. Ba ya barci sai da bindiga kusa. Ko Clara, karuwar da ya fara so, da ya ga ƙaramar bindiga a jakarta, saura kaɗan ya kashe ta. Da an gaggauta, da mai kallo bai ɗanɗana wannan azaba ba.

Amma fa bai tuba ba, gajiya ya yi. Limamin cocin garin ya roƙe shi ya faɗi laifinsa, ya ƙi. Hanyar da ya nema ta fita ma, ta jini ce: ya lalata bindigar, ta fashe a fuskar matar da aka sa ta harbe shi, ya kashe maigidan, shi ma ya sami harsashi a ciki. Ya isa bakin rafi inda Clara ke jiransa, ya kife cikin mota.

Malamanmu sun sani, yara sun saba ganin mai kisa a sinima kamar jarumi. Wasan da ya nuna shi cikin kaɗaici da fargaba, alhaki na biye da shi har ya cim masa, ya fi kusa da gaskiya, ko da bai yi wa mai gaggawa daɗi ba.