Kunya ba ta gyara taswira

Wanda ya ƙetare gadar Kennedy ya shiga Harobanda, inda Jami'ar Abdu Mumuni da cibiyar Agrhymet suke, zai tarar da matasa masu aiki da wata irin manhaja, wato lojisiyel a bakin ƴan boko, wadda kowa yake da izinin ɗauka kyauta, ya duba cikinta, ya gyara, ya mayar wa jama'a. Linux tana cikin irinta, haka ma QGIS ta masu zanen taswira. Aikin gayya ne, illa dai yawancin manoman ba su taɓa ganin fuskar juna ba, kuma ba albashi ke riƙe su ba. Wanda aka ɓata wa rai sai ya saɓa hauyarsa ya tafi.

Masu Linux sun sha wannan darasi. Linus Torvalds, wanda ya soma ta a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, ya yi suna wajen zafin baki ga duk wanda ya kawo aiki mai kuskure. A watan Satumba na 2018 ya fito ya nemi gafara, ya janye na ɗan lokaci, aka kuma kafa rubutacciyar dokar zaman tare da ta hana zagi da cin mutunci, tare da kwamitin karɓar ƙorafi. Ba ado aka yi da ita ba: a 2024 kwamitin ya dakatar da wani gwani na ɗan lokaci saboda kalamansa.

To, amma matasan Harobanda za su yi kuskure idan suka kwafo wannan doka daga Faransanci suka liƙa a bango, domin ciwon can daban, na nan daban. A can harshe ne ya yi kaifi. A nan kuwa kunya ce ta yi yawa. Ɗalibi zai ga kuskure ƙarara a aikin malaminsa, ko na wanda ya girme shi, ya sunkuyar da kai ya ce madalla. A zaure wannan tarbiyya ce abin yabo. A wajen taswira kuwa hasara ce, kuma mutanen Lamorde, waɗanda kogin Isa ya fasa musu madatsa a Satumba na 2020 ya cinye gidajensu, sun san abin da ake nufi idan takarda ta nuna tudu a inda kwari yake. Ɗan kasuwar da yaronsa ke jin nauyin gaya masa cewa lissafi bai cika ba, shi ma ya san ƙarshen zancen.

Saboda haka dokar da ta dace da wannan gaɓa ta kogi sai ta faɗi a fili cewa gyara aikin babba ba rashin kunya ba ne, wajibi ne, muddin aikin aka taɓa ba mutumin ba. Sai ta kare ƴan mata, waɗanda ba'a kaɗan ke korarsu daga taro ba tare da sun ce uffan ba. Sai kuma ta ambaci mutum biyu ko uku da za a kai wa ƙara a asirce, kada shugaba ya zamo shi ne alƙali a shari'ar da ake ƙararsa. A rubuta ta da Hausa da Zabarmanci tun ranar farko, a karanta wa kowane sabon shiga kafin a ba shi aiki.