Lafiya Uwar Jiki: Tumbi Ba Shaidar Murmurewa Ba Ne

Daga Jere ta ƙasar Kagarko har Kafanchan, in mai ciwon sukari ya rame, sa'an nan ya soma ajiye tumbi, sai dangi su yi ta barka, wai ya murmure. To, a yi hattara.

Akwai irin ciwon sukarin da garkuwar jiki ce da kanta ke hallaka ƙwayoyin da ke yin insulin. Yakan kama manya, ba yara kaɗai ba, kuma maganinsa allurar insulin, wanda aka gano a Kanada cikin 1921. Amma in kitse ya taru a ciki, sai jiki ya rage jin allurar, a yi ta ƙara awo, hawan jini ya biyo baya, jijiyoyin zuciya su soma toshewa.

A 2005 Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta yanka iyaka: ƙugun namiji in ya kai santimita 94, na mace 80, an shiga haɗari. Igiyar awon tela ta isa aunawa. Sai a lazimci tafiya a ƙasa, a bar taba, a riƙa auna jini a asibiti. Rage tuwo da sauya awon allura kuwa, sai da shawarar likita.