Awa Nawa Gare Ka?

An daɗe ana sayar mana da wata magana a harkar jiragen sama, wai yawan awoyin da matuƙi ya rubuta a littafinsa shi ne ma'aunin gwanintarsa. Kamfani zai ɗauki matuƙi, tambayar farko ita ce awa nawa gare ka. Ni dai ban yarda da wannan mudu ba, domin ko ita awar kanta ƙasashe ba su daidaita kan yadda ake rubuta ta ba.

Ga matasa biyu cikin ƙaramin jirgi ƙirar Cessna a sararin Florida. Ɗaya ya sa abin da ke tare masa ganin waje, yana koyon tuƙi da na'urori kaɗai. Ɗayan yana gefe yana sa ido kada su yi karo da wani jirgin. A dokar hukumar FAA ta Amurka, in sun shirya cewa mai sa idon ne ke da alhakin jirgin, dukansu za su rubuta lokacin a matsayin shugaban jirgi. Sun raba kuɗin haya, kowa ya tashi da cikakkiyar awarsa. Su kai littattafan nan Turai, hukumar EASA za ta ce ba a sarki biyu a gari ɗaya, irin wannan jirgi shugabansa ɗaya ne. Tafiya ɗaya aka yi, lissafi ya rabu biyu. Iyayenmu da ke sayar da fili su tura yaro Amurka ya tara awoyi, da wuya wani ya gaya musu wannan tun farko.

Masu bautar lamba sun fi kafa hujja da dokar awa 1,500 kafin a tuƙa jirgin fasinja, wadda ta fara aiki a Amurka a 2013 bayan jirgin Colgan Air ya faɗi kusa da Buffalo a Fabrairun 2009, mutum 50 suka rasu. To, kyaftin ɗin jirgin yana da awa fiye da 3,000, mataimakiyarsa fiye da 2,000. Da dokar tana nan a ranar, da ba ƙarancin awa ne zai hana ko ɗayansu hawa ba. Binciken ya ɗora laifin kan yadda kyaftin ya ja kan jirgin sama lokacin da gudu ya ƙare masa, maimakon ya dangwarar da shi. Wannan matsalar horo ce.

Amurka ma ta san haka a ranta, tunda ta yarda tsohon matuƙin soja ya shiga da awa 750, mai digirin harkar jirage da 1,000. A Turai kuwa matashi mai awa kusan 200, wanda aka gasa a na'urar kwaikwayon tuƙi, yana zama kujerar mataimakin kyaftin a Airbus da fasinjoji a bayansa, yayin da takwaransa na Amurka ke jan ƙyallen talla a bakin teku don ya cika lamba.